Hukuncin sayar da kifin teku na ƙanƙara

Tambaya: Allah gafarta Malam, ina sayar da kifin ƙanƙara a Yamai, irin wanda ake kawowa cikin kwali daga bakin teku. Wasu sun ce mini mushe ne. Na kuma ji manyan jirage suna kwashe kifin teku har ya fara ƙarewa. Shin cinikina halal ne?

Amsa: Da sunan Allah. Batun mushe ba ya da wuya. Aya ta 96 a Suratul Ma'ida ta halatta farautar teku da abincinsa, kuma a hadisin Abu Huraira cikin Muwaɗɗa, Annabi (SAW) ya ce ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. A mazhabar Malikiyya dabbar ruwa ba ta bukatar yanka, ko wane ne ya kama ta. Hanafawa ne suka taƙaita ga kifi, suka cire wanda ya mutu da kansa ya taso.

Abin da ka ji game da teku gaskiya ne. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ce a 2021 kashi 37.7 cikin 100 na rukunonin kifin teku ana kama su fiye da yadda suke hayayyafa, alhali a 1974 kashi 10 ne. A gaɓar Muritaniya, Senegal da Gambiya ana niƙa ƙananan kifaye, abincin talaka, a mai da su garin kiwon dabbobi a fitar waje. Kifin teku asalinsa na wanda ya kama ne, amma hukuma tana da ikon ƙayyade lokacin kamun kifi da faɗin idon koma saboda maslaha, kuma keta wannan ɓarna ce irin wadda aya ta 41 a Suratur Rum ta ambata. Ba a ɗora maka binciken kowane kwali ba. In dai ka tabbata kayan na jirgin da ya kama kifin ta haramtacciyar hanya ne, kada ka saya.

Inda na fi ji maka tsoro, ɗan'uwa, firigonka ne. Kifin nan yana tafiyar sama da kilomita 1000 daga Lome ko Kwatano, kuma dole sanyinsa ya tsaya a digiri 18 ƙasa da sifili. In wuta ta ɗauke ya narke ya jima cikin zafi, nau'o'i irin su sardin da tuna suna tara gubar histamin, wadda suya ko dafuwa ba sa kashe ta. Mai ci sai ƙaiƙayi, jan fuska, ciwon kai da zawo. Duba kwalin, ga alamun ya taɓa narkewa ko ya lalace: jini ya daskare a gindinsa, kifaye sun manne dunƙule guda, ido ya faɗa, ciki ya fashe. Sayar da wanda ya lalace haramun ne saboda cutarwa. Sake daskarar da shi don ɓoye aibinsa algus ne, kuma hadisin Muslim ya fitar da mai algus daga tafarkin Annabi. Wanda ya narke yau kuma bai ɓaci ba, ka faɗa wa mai saye ya dafa shi a ranar.

Allah ne mafi sani.