Limaman Buddha na Koriya ta Kudu da aure

Malam, ka tambaya ko duk limaman addinin Buddha a Koriya ta Kudu ba sa aure. A'a, ya danganta da ɗarika. Jogye, wadda ta fi kowace girma, ta hana limamanta aure. Taego kuwa, da aka kafa a 1970, ta yarje wa maza su ajiye iyali, al'adar da ta yaɗu zamanin mulkin Japan, daga 1910 zuwa 1945.

Kada dai aski ya ruɗe ka, dukkansu ƙwal suke yi. Mayafin da suke yafawa wajen ibada za ka duba. Da na leƙa haikalin Bongwonsa a Seoul, ja wur na gani a kafaɗunsu, na Taego ke nan. Na Jogye ruwan ƙasa ne.