Kwana shida za su ishe mu bin hanyar Route 66?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu huɗu ne, ɗalibai a Chicago, biyu daga Kano, ɗaya daga Zariya, ɗaya daga Maraɗi. Muna so a hutun bazarar nan mu yi hayar mota mu bi hanyar Route 66 har bakin teku a Kalifoniya, muna tsayawa kallon abubuwan gefen hanya da muke gani a hotuna. Kwana shida gare mu. Ɗayanmu ya ce ɓata kuɗi ne a je kallon tsofaffin motoci da gumakan siminti. Za su ishe mu? Kuma a ina ya cancanci a tsaya?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kwana shida ba za su isa ba, in dai kallo za ku. Daga Chicago zuwa Santa Monica, inda hanyar ta ƙare a bakin teku, kilomita kusan 3,940 ne, kamar Kano zuwa Legas sau huɗu ke nan, ta cikin jihohi takwas. In ka raba da shida, kullum sai kun ci kilomita 650 ko fiye. Wanda zai yi haka dole ya hau sababbin manyan hanyoyi, kuma su ne suka kashe abin da kuke son gani. Masu bin ta duka a natse sukan ware mako biyu.

Abokin naku da ya ce gumakan siminti ne bai yi ƙarya ba, sai dai bai san dalilin gina su ba. An buɗe Route 66 a hukumance a watan Nuwamba na 1926. A shekarun 1930, da fari da guguwar ƙura suka tashi manoman Oklahoma da Texas, ta nan suka kwarara yamma neman abinci. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma iyalai suka samu motoci, suka fara yawon hutu. Hanyar tana ratsa tsakiyar kowane ƙaramin gari, kuma mai gidan mai, mai masauki da mai gidan abinci duk matsalarsu ɗaya: yaya za a yi direban da ke gudu ya taka birki a ƙofarka, ba a ta maƙwabcinka ba? Sai wani ya kafa ƙaton mutum-mutumi, wani ya gina ɗakunan kwana masu siffar bukkar Indiyawan daji, wani ya kunna fitilu masu launi da ake hangowa daga nesa. Talla ce, irin ta mai tsire da ke hura wuta hayaƙi ya bi titi. A 1956 Shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar gina manyan hanyoyi masu kewaye garuruwa. Ɗaya bayan ɗaya aka kewaye su, Williams ta jihar Arizona ce ta ƙarshe a 1984, kuma a 1985 aka soke sunan hanyar daga jerin hanyoyin tarayya. Saboda haka yau ba hanya ɗaya miƙaƙƙiya za ku tarar ba. Guntu-guntu ce, wani wuri titin cikin gari, wani wuri tana rakiyar babbar hanya ta I-40, wani wuri ta ƙare a shingen gona. Taswirar waya kuma kullum ƙoƙarinta ta mayar da ku kan babbar hanyar.

Shawarata, ku rage hanya, kada ku rage tsayawa. Ku hau jirgi zuwa Tulsa ta Oklahoma, ku karɓi mota a can, ku bi har Kingman ta Arizona, ku ajiye ta a Las Vegas. Daga Tulsa zuwa Kingman kilomita 1,800 ne ko kusa, wato 300 a rana. Illinois da Missouri suna kusa da ku, kuna iya cin su wani ƙarshen mako.

Dab da Tulsa, a Catoosa, akwai shuɗin kifi na siminti mai tsawon ƙafa 80 kwance a bakin tafki, baki buɗe. Wani mutum mai suna Hugh Davis ya gina wa matarsa shi a farkon shekarun 1970, kyautar zagayowar ranar aurensu. Minti ashirin sun isa. Amma a Tulsa kanta ku ba unguwar Greenwood rabin yini. Nan ne a 1921 fararen fata suka ƙone unguwar baƙaƙe mafi arziki a yankin. Ina faɗa muku wannan ne don hotunan Route 66 ba sa nuna cewa a zamanin tashenta baƙin mutum ba ya samun masauki a yawancin wuraren nan, kuma akwai garuruwan da ba a yarda rana ta faɗi yana cikinsu ba. A Luther, kafin Oklahoma City, har yanzu ginin gidan man iyalin Threatt yana tsaye, ɗaya daga 'yan wuraren da baƙaƙe ke iya tsayawa ba fargaba. Yau za ku shiga ko'ina a karɓe ku, amma ya kamata ku san wanda ya riga ku bi.

Amarillo ta Texas ita ce za ta raba gardamar ku. A yamma da garin, cikin fili fetal, akwai motoci ƙirar Cadillac guda goma da aka binne kawunansu a ƙasa, ɗuwawu sama, a jere. Wasu masu fasaha da ake kira Ant Farm suka dasa su a 1974. Ba a biyan ko sisi, kuma kowa na fesa musu fenti. Fentin ya yi kauri har ya zama kamar ɓawon itace, in ka taɓa sai ka ji shi da laushi saboda rana. Ni na rubuta "Kano" a ƙofar ta uku, kafin in koma mota wata yarinya ta shafe shi da ruwan hoda. Ku lura da inda iska ke kaɗawa kafin ku danna gwangwanin, farar rigata ba ta dawo ba. In an yi ruwa kuma wurin taɓo ne zalla. A garin ne kuma ake da gidan abincin Big Texan, mai ba da gasasshen nama na kusan kilo biyu kyauta ga wanda ya cinye shi da mahaɗinsa cikin awa ɗaya. Ku kalla kawai.

Gaba kaɗan, a Adrian, akwai allon tsakiyar hanya: mil 1,139 zuwa Chicago, mil 1,139 zuwa Los Angeles. Hoto ɗaya, a wuce. Ku yi lissafi dare ya same ku a Tucumcari ta New Mexico, don fitilun tsofaffin masaukanta da rana ba komai ba ne. Washegari ku tsoma jiki a Blue Hole na Santa Rosa, wani idon ruwa mai zurfin ƙafa 80 da ɗoriya, sanyinsa wajen digiri 17 rani da damina. Wanda bai iya iyo ba ya zauna a baki.

Arizona ce ta fi cancantar kwana biyu. Gandun Petrified Forest, inda kututturan itatuwa suka rikiɗe suka zama duwatsu masu launi, tsohuwar hanyar ta ratsa ta cikinsa. Ɗaukar ko ɗan guntu laifi ne. A Holbrook akwai masaukin Wigwam na 1950, mai ɗakuna masu siffar bukkar Indiyawan daji, sai an kama ɗaki da wuri. Makeken kwazazzabon nan na Grand Canyon ba a kan hanyar yake ba, ratse ne na kusan kilomita 100 daga Williams, amma ni ba zan wuce shi ba. Sai Seligman, garin da babbar hanya ta kewaye a 1978, ciniki ya mutu dare ɗaya. Wanzamin garin, Angel Delgadillo, shi ya tara mutane a 1987 suka kafa ƙungiya, suka matsa wa jiha har ta ayyana hanyar a matsayin ta tarihi. Daga nan farfaɗowar ta fara. Daga wajen Seligman zuwa kogin Colorado za ku samu tsohuwar hanyar ba yankewa, sama da kilomita 250. In akwai sauran lokaci, ku ƙarasa Oatman ta kan dutse mai kwana-kwana, inda jakunan da masu haƙar zinariya suka saki suka hayayyafa, suna yawo a titi suna cusa kai ta tagar mota. Na san Bamaraɗen cikinku zai ce ba don jaki ya baro gida ba.

Kada ku ce kun saba da zafi. Yammacin Arizona a Yuli yakan haura digiri 43, kuma tsakanin gari da gari ba rumfa, ba mai sayar da ruwa. Ku ajiye katan biyu a but, ku sha mai da zarar tanki ya kai rabi. Yuli zuwa Satumba kuma lokacin ruwan bazata ne a New Mexico da Arizona. In kun ga ruwa ya haye titi, ku jira. Kamfanin haya zai caje ku kuɗin ajiye mota a wani gari daban, da ƙari in direba bai kai shekara 25 ba, kuma duk wanda zai riƙe sitiyari sai an rubuta sunansa a takarda.

Masallatai da naman halal akwai a Tulsa, Oklahoma City, Amarillo da Albuquerque. A tsakani ku dogara da ƙwai, kifi da abin da kuka cika kular abincinku da shi. Kasaru ta halatta muku, alƙibla tana arewa maso gabas. Agogo yana komawa baya da awa ɗaya in kun shiga New Mexico, ya sake komawa a Arizona, don ita ba ta gusa agogo gaba da awa ɗaya a bazara kamar yawancin jihohi, ban da yankin 'yan ƙabilar Navajo da ke canzawa. Ku duba lokacin salla da sunan garin da kuke ciki, kada ku bi na jiya.