Faraima Na Fitowa da Kaushi: Ina Matsalar Take?

Tambaya: Assalamu alaikum, Oga. Ban daɗe da fara sana'ar fentin mota ba. Duk sanda na fesa faraima (fentin shimfiɗa da ake yi kafin kala) mai hadina (ruwan da ke sa shi ya yi ƙwari), sai ya bushe da kaushi kamar an watsa yashi, in na shafa har gari yake bari a hannuna. Na canja kamfanin faraima, ba ta canja zani ba. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Bar canja gwangwani, ba a nan matsalar take ba. Faraiman naka a iska yake bushewa tun kafin ya isa jikin mota. Ya kamata ya sauka da danshinsa, ɗigo ya haɗu da ɗigo su kwanta. Naka kuwa ƙura yake sauka.

Fara da tina, ruwan tsinka fenti, don a ƙasarmu ita ce ke yawan jawo wannan. Tina kala uku ce: mai saurin bushewa, matsakaiciya, da mai jinkiri. Takardun kamfanoni galibi a kan zafin digiri 20 suke yin lissafinsu, mu kuwa a bazara Kano da Sakkwato kan haura 40. Ka zuba mai sauri a irin wannan zafi, rabinta ta tashi tsakanin bindigar feshi da bodi. Hunturu ma bai bar mu ba, iskarsa busasshiya ce, ga ƙura. Nemi tina da hadina masu jinkiri, ka yi feshi da sassafe a inuwa. Ɗora bayan hannunka a kan bonet. In da zafi, jira ya huce. Tinar wanke bindiga kuma, wadda ake aunawa a kwalba, wallahi ba ta haɗin faraima ba ce, komai arharta.

Sai bakin bindiga. Sabon shiga yakan ɗauki bindigar da yake fesa kala, mai baki milimita 1.3 ko 1.4, ya zuba mata faraima mai kauri. Ba zai fito yadda ake so ba, sai ya ƙara iska don ya tilasta shi, iskar kuma ta ƙara busar da shi. Faraima mai cika rami yana son baki 1.7 zuwa 2.0. Iska kuma wajen ba 2 (bar, ma'aunin ƙarfin iska) a gindin bindiga, ka auna ta kana danne da kunamar, ba a agogon kwamfuresa ba. Duba kuma ko ka matse sukurun da ke sakin fenti, sassauta shi.

Hannunka ma na da nasa. Tsakaninka da bodi santimita 15 zuwa 20, bindiga na kallon bodin kai tsaye. In kana murɗa wuyan hannu, tsakiya za ta jiƙe, gefe ya yi kaushi. Rage sauri, kowane layi ya rufe rabin na baya. Ka riƙa kallon feshin ta gefen haske: in yana sheƙi a bayan bindiga, ya kwanta, in ya fito dishi-dishi nan take, a bushe ya sauka. Gwada a kan kwali tukuna.

Haɗi kuwa bi abin da ke jikin gwangwani, da yawa faraima 4 ne da hadina 1, kuma ka tace. Da zarar hadina ta shiga, lokaci ya fara tafiya, kuma zafi na gajarta shi. Haɗa daidai abin da za ka fesa yanzu.

Wanda ka riga ka fesa fa? In kaushin sama-sama ne, bari ya bushe sarai, ka goge da samfefa 320 a kan katako, ka bi da 500. Amma tunda naka har gari yake saki, bai kama ba. Kankare shi har ka tarar da mai ƙwari, ka sake fesawa. In ka ɗora kala a kansa, zai shanye sheƙin, daga baya ya ɓare.

Kuma hadina na da guba mai illa ga huhu, tana jawo asma. Ƙyalle a hanci ba ya tare ta. Sayi takunkumi na masu fenti.