Tsohon da ya fito a matsayin Gandalf a fim ɗin The Lord of the Rings, a fim ya fara?

Malam, ka tambaya ko a fim ya fara, a'a wallahi, Ian McKellen ɗan dandamali ne tun asali. An haife shi a Burnley ta Ingila a 1939, ya yi karatu a Jami'ar Kambirij, ya fara wasan kwaikwayo a matsayin sana'a a garin Kobantiri a 1961, kaga shekara 40 kenan kafin Gandalf ɗin 2001. Ni abin da ya fi kama ni shi ne Macbeth ɗinsa na 1976, wasan Shakespeare da ya yi a dandamali tare da jaruma Judi Dench, kusan babu kayan ado, sai murya da ido kawai amma sai tsigar jikinka ta tashi. A 2024 ma yana da shekara 85 ya faɗo daga kan dandamali a Landan ana tsakiyar wasa, ranar na ji ba daɗi sosai.