Motata mai batir da fetur tana zabura idan na taka birki

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayi mota 'yar Kwatano, irin mai amfani da fetur da batir. Ranar Juma'a ina kan hanyar Daura na taka birki a wani wuri mai gargada, sai na ji kamar ta ƙwace ta zabura gaba. Makanikena ya ce ƙwaƙwalwarta ce, a canza. Haka ne? Daga wani mai karatu a Ƙofar Ƙaura, Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam. Alhaji, kada ka yi saurin fitar da kuɗin nan.

Irin wannan mota birki biyu gare ta. Idan ka ɗan taka, injin lantarki ne ke rage gudu yana mayar da wuta cikin batir. Da taya ta faɗa rami ko ta taka yashi, sai kwamfutar motar, wato ƙwaƙwalwar da makanikenka ke faɗa, ta saki wancan ta miƙa aikin ga birkin da muka sani. A ɗan tsakanin nan, ƙasa da ƙiftawar ido biyu, kana jin kamar an turo ka ta baya, alhali motar ba wuta ta ƙara ba. A watan Fabrairun 2010 Toyota ta janye motoci kusan 400,000, yawancinsu Prius, saboda wannan, kuma manhajar birkin kawai aka sabunta.

Zaburar gaske kuwa ta faru. A 2009 da 2010 an janye miliyoyin motocin Toyota a Amurka saboda shimfiɗar ƙafa da ke danne totur, da totur mai maƙalewa. Injiniyoyin NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, sun bincika, a 2011 suka ce ba su gano laifin lantarki ba, amma a 2013 wata kotu a Oklahoma ta ɗora laifin wani hatsari a kan manhajar motar. Don haka ban ce kwamfuta ba ta kuskure ba.

Fara da leƙa ƙasan sitiyari. Mu nan mun iya ɗora tabarmar roba a kan kafet saboda ƙura, wani har da guntun darduma. Cire su, ka bar ɗaya mai maƙale da ƙugiyarta. Sai a auna ƙaramin batir mai bolt 12, domin idan ya yi sanyi fitilu kan yi ta kamawa barkatai. Sannan a jona na'urar bincike a karanta lambobin matsala. Wanda bai jona ba ya ce ƙwaƙwalwa ce, canki-canka yake yi.

Idan kuma, Allah ya kiyaye, ta ɗauki gudu da kanta, danne birki da ƙarfi kada ka riƙa sassautawa, ka mayar da giya N, ka gangara gefe. Kashe mota sai ka tsaya, don sitiyari na yin nauyi. In dole ce, a motocin Toyota sai ka danne maɓallin tayarwa na daƙiƙa uku.