Amsar Baffa kan kafa alama a Tabkin Kwatto

Ɗana, bayan gaisuwa, saƙonka ya iso. Ka ce ƙungiyarku ta matasa tana son kafa alama a Tabkin Kwatto, can ƙasar Gudu, don tunawa da yaƙin da aka yi a wurin tsakanin jama'ar Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo da Gobirawa, amma wasu sun ce muku yin haka ba al'adarmu ba ce, har suna jin ya taɓa addini. Kana son sanin gaskiyar magana.

Abin da malamai suka hana shi ne gini a kan kabari. Kabarinmu tudun ƙasa ne, a sa dutse ko fasasshiyar tukunya don a gane shi, a rufa ƙaya saboda dabbobi, shi ke nan. Shaida fili don na baya su san abin da ya faru a wurin kuwa, wannan daban ne. Da can tsamiya ko kuka ke yin wannan aikin, tsofaffi su nuna ta su ba da labari. Yanzu itatuwan na faɗuwa, masu labarin na ƙarewa, saboda haka ina goyon bayanku. Sharaɗi dai kada alamar ta hau kushewa, kada kuma ta koma wurin neman tubarraki.

Kada ku sayi ko buhun siminti ɗaya kafin ku gaida mai unguwa, ya kai ku ga hakimi. Mai gonar da abin zai zauna a cikinta ya amince a gaban shaidu, a rubuta. Ku sanar da hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ku kuma leƙa cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Wurin kuwa, dattawa uku ko huɗu su nuna muku shi, kowa shi kaɗai, sannan ku gwama.

Rubutun ne ya fi damuna. A nan ne, cikin watan Yuni 1804, wato 1219 ta Hijira, wata huɗu bayan ƙaurar Shehu Usmanu daga Degel, jama'arsa ƙarƙashin ƙaninsa Abdullahi suka karya rundunar Sarkin Gobir Yunfa, su mafi yawansu 'yan baka, shi kuma da dawaki masu lifidi. Iyakar abin da za ku rubuta ke nan: suna, shekara, su wa suka haɗu, wa ya rinjaya. Jikokin Gobirawa suna nan da sarautarsu a Sabon Birni da Tsibiri, suna auratayya da jikokin ɗaya ɓangaren, kasuwarsu ɗaya. Kalma ɗaya ta cin fuska ta isa ta sa a wayi gari an farfasa aikin. A rubuta da boko da ajami. Kada a sa ayar Alƙur'ani, don shanu za su riƙa soshe jiki a wurin.

Katako gara za ta cinye shi. Allon ƙarfe 'yan gwangwan za su ɓalle, fenti kuma rana da hazo su dusashe shi. Ku yi ginshiƙin kankare, tsayin ƙafa biyar, harsashi ƙafa biyu cikin ƙasa, rodi huɗu a tsaye an ɗaure su. Kwaɓin ya zama kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi mai kaushi, huɗu na tsakuwa. A sassaƙa harufan a farantin dutse, a dasa shi tun kankaren bai kama ba, ta yadda ba mai ciro shi sai ya rushe ginin. A yi ta ba shi ruwa safe da yamma har kwana bakwai, a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, in ba haka ba zafin can zai tsattsaga shi.

Ku nemi tudu kusa da hanya. Bakin tabki laka ce, tana kumbura da damina ta dare da rani, ginshiƙi ya karkace. Ku kauce wa burtali. Aikin kuma sai bayan kaka, an kwashe gero, don kada ku tattake wa mutane shuka. In kun tsara kalmomin, turo mini in duba kafin mai sassaƙa ya ɗora kurfi.