Tambaya da Amsa: An ce za a shigar da ni da yarana cikin fili ranar gasar guje-guje

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Kubwa ne. Yarana uku sun kamu da son guje-guje tun da suka ga Tobi Amusan, 'yar Najeriya mai tseren tsallake shinge, a talabijin, kuma na yi musu alkawarin duk ranar da aka kawo babbar gasa filin wasa na ƙasa da ke Abuja zan kai su. Damuwata biyu. Na ji an ce filin wayam yake a irin wannan rana, mutum ya wuni cikin rana bai ga komai ba. Sannan wani abokin aikina ya ce yana da hanya, zai samo mana katin wuya mu shiga har kan ciyawa, yara su ga 'yan wasa kusa su yi hoto. Uwarsu ta ce hankalinta bai kwanta ba. Ƙaramin shekararsa shida. Me ka gani?

Amsa:

Wa alaikumus salam. Ka kai su, amma maganar uwarsu za ka bi. Zan zo kan wannan, bari in fara da mai sauƙin.

Gaskiya ne filin kan zama kamar babu kowa. An gina shi ne don gasar wasannin Afirka ta 2003, yana ɗaukar mutum kusan 60,000, saboda haka ko mutum dubu biyu suka zo sai ka ga sun ɓace a cikin kujeru. Ga gasar a ranakun aiki, ga ƙarancin sanarwa, ga manyan 'yan wasanmu da yawa a Amurka suke zaune. Laifin ba na wasan ba ne, domin a Landan a 2017 an sayar da tikiti fiye da 700,000 a gasar duniya. Kai kuwa ƙarancin jama'a riba ce gare ka, kujerar da kake so za ka zaɓa.

Kada ka je tun safe da yaro ɗan shekara shida. Da safe zagayen share fage ake yi, wasannin ƙarshe sai yamma. Ka nemi jadawali daga hukumar guje-guje da tsalle-tsalle ta Najeriya, AFN, kwana ɗaya kafin ranar, ka tabbatar ko shiga kyauta ce ko da tikiti, ka kuma sa a ranka cewa lokaci kan goce. Ku yi Azahar, ku ci abinci, sannan ku shiga da ruwa, aƙalla lita ɗaya ga kowane yaro, da hula. Ku zauna a gefen da layin ƙarshe yake, daidai da layin ko ku ɗan wuce shi, ku hau sama kamar jeri goma zuwa ashirin. Wanda ya zauna a jerin farko ba abin da zai gani sai bayan alƙalai da masu kyamara. Daga can sama za ku ga ƙarshen kowane tsere, ku ga tashin mita 400 a gabanku.

Ka koya wa yaran abu biyu. Idan 'yan gudu sun durƙusa, a yi tsit har bindiga ta tashi. Tun 2010 wanda ya riga bindiga sau ɗaya an kore shi, haka ta faru da Usain Bolt a Daegu ta Koriya ta Kudu a 2011, kuma ihun mutum ɗaya ya isa ya zabura ɗan wasa. Masu dogon tsalle kuwa su ne ke neman tafi, idan ɗan wasa ya ɗaga hannu ya fara tafawa, ku bi shi a hankali kuna ƙara sauri. Ka riƙa duba lambar iska a allo: idan ta haura mita 2.0 a daƙiƙa ba a rubuta lokacin a matsayin tarihi. Shi ya sa daƙiƙa 12.12 da Amusan ta yi a wasan kusa da na ƙarshe a Eugene ta Amurka a 2022 ya zama tarihin duniya, 12.06 da ta yi a na ƙarshe bai zama ba saboda iska ta haura.

Yanzu maganar katin wuya. Kada ka karɓa. Ko an kawo maka har gida, ka mayar.

Mutane sun saba da ƙwallon ƙafa, inda abu mafi muni da zai same ka a kan ciyawa shi ne ƙwallo ta buge ka. Sai su ɗauka tsakiyar fili ranar guje-guje wuri ne da babu kowa, a yanke ta ciki a gajarta tafiya, ko a tsaya a yi hoto. Wannan ciyawar da ka gani babu kowa a kanta, an bar ta haka ne domin nan ƙarafan da ake gasar jifa da su ke sauka, wato mashi da guduma da faifai. Mashin maza gram 800 ne, tsawonsa mita 2.6 zuwa 2.7, da tsinin ƙarfe, kuma daga hannun gwani yana fita da gudun da ya kai kilomita 100 a awa. Gudumar maza kilo 7.26 ce a bakin waya, ta mata kilo 4. Faifan maza kilo 2. Tarihin duniya a mashi mita 98.48 ne, a guduma 86.74, wato kusan daga wannan raga zuwa waccan. A 1984 da wani ɗan Jamus ta Gabas, Uwe Hohn, ya jefa mita 104.80, sai da aka sake ƙirar mashin maza a 1986, aka matsar da nauyinsa gaba domin ya riƙa faɗuwa da wuri, saboda fili ya fara yi masa kaɗan.

Abin da na fi ji daga masu shiga shi ne, “Ai ina gani, idan ya taho zan kauce.” Ba za ka kauce ba. Mashin da ya nufo ka kai tsaye ba ka ganin tsawonsa, ɗigo kawai kake gani a sama, kuma daƙiƙa uku ko huɗu ne tsakanin hannu da ƙasa. Wannan ma idan kana kallonsa ke nan. A irin wannan gasa abu uku ko huɗu ke gudana lokaci guda, bindiga ta tashi, jama'a su yi ihu, idon kowa ya koma kan masu gudu, a daidai lokacin ne wani ke jifa a ɗaya ƙarshen. Babba ma hankalinsa na tafiya, balle yaron da ya hango gwanarsa ya kwasa da gudu.

Wasu kuma su ce sun tsaya a wajen farin layi. Farin layin na awo ne, yana nuna jifan da za a ƙirga ne kawai. Kusurwar da aka shata wa guduma da faifai digiri 34.92 ce, amma littafin dokokin wasan da kansa ya ce ko da keji mai kyau, wato ragar da ke kewaye da mai jifa, inda guduma ke iya kaiwa ya kai kusan digiri 53. Keji mai kyau ke nan. Idan ragar ta tsufa, ko ta yage, ko an ɗaure ta tamau har ƙarfe na dawowa da baya, ko ba a rufe ƙofar da ta dace da mai jifan hagu ba, lissafin ya rushe. Faifai kuma ba ya tsayawa inda ya sauka, musamman da damina, sulɓewa yake a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa ya sari ƙafar mutum. Lokacin da ya fi haɗari shi ne na gwaji kafin a fara, lokacin da alƙalai ke jera kaya, ba a ɗaga tuta ba, kowa na ganin ba a soma ba. Kuma daidai wannan lokacin ne masu hanya ke shigo da baƙinsu.

Wannan ba tsoratarwa ba ce. A 2007 a Rum, a babbar gasar Golden Gala, mashin Tero Pitkämäki na Finland ya kauce ya soki Salim Sdiri na Faransa a baya, alhali yana wurinsa na dogon tsalle. A 2012 a Düsseldorf ta Jamus, mashi ya kashe wani dattijon alƙali da ya je awo a gasar matasa. Ɗaya ƙwararren ɗan wasa, ɗaya tsohon hannu a alƙalanci, a ƙasashen da ke da kayan aiki da motar asibiti a bakin fili. Yaronka ɗan shekara shida da me ya fi su?

Abin da ke ɓata mini rai shi ne masu rabon katin nan. An yi kati domin a san wa ke da aiki a ciki: ɗan wasa, alƙali, likita, mai hoton da aka nuna wa inda zai tsaya. Sai a mayar da shi kayan alfarma, a ba aboki, a ba suruki, a ba ɗan babban mutum, mai gadi ya hana a ce ba shi da ladabi. Wanda ya ba ka katin ba zai tsaya kusa da kai ba, kuma ranar da abu ya faru ba za ka gan shi ba. In ka yi magana a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Wanda ya ɗauki amanar da Allah ya ba shi ya kai ta inda ƙarfe ke sauka, sakaci ya yi, kuma za a tambaye shi. Ko kan hanyar gudun ma ba wurin tsallakawa ba ne. Mai gudun mita 100 yana cin mita goma a daƙiƙa guda, da ƙusoshi a takalminsa, ba shi da birki.

Hoton da yaran ke so ana samunsa ba tare da an taka ciyawa ba. Bayan wasan ƙarshe 'yan wasa kan bi gefen shinge suna gaisawa da jama'a, musamman bayan an ba da lambobin yabo. Ku sauko jerin farko a lokacin, da biro da takarda ko riga, ku kira sunan ɗan wasa cikin ladabi. Kada ku tare wanda ke shirin shiga, kada kuma ku miƙa masa ruwa ko lemo, domin duk abin da aka samu a jikinsa a gwajin ƙwayoyi shi zai amsa, shi ya sa zai ƙi karɓa. Ƙaramin kuma ya zauna tsakaninka da uwarsa, ka rubuta lambar wayarka ka sa masa a aljihu, ka nuna wa manyan biyun ƙofar da za ku haɗu idan an rabu. Allah ya kai ku lafiya, ya raya su.